Hayaƙin da Muke Saye da Kuɗinmu

Idan ɗari ya sauka a ƙasar Gumel, daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, kafin ladan ya kira magariba hayaƙi ya riga ya lulluɓe gari. Daga Gagarawa har Maigatari da Sule Tankarkar abin ɗaya ne. Yana tasowa daga kowane gida, ya gauraya da ƙurar hunturu, ya tsaya a saman danga ya ƙi tafiya. Wanda ya leƙa madafa zai ga tushensa. Duwatsu uku, tukunyar tuwo a bisa, itace huɗu ko biyar an cusa ta kowace kusurwa, uwargida ta durƙusa da goyo a baya tana fifita wuta da faifai, idanunta jajur suna zubar ruwa. Harshen wutar yana ɗan lasar gindin tukunya, mafi yawansa yana zillewa ta gefe. Yara sun kewaye suna miƙa tafin hannu. In an kwashe tuwo sai a ɗebi garwashi a kasko a kai wa tsohuwa ɗaki. Mun saba da wannan har mun ɗauka haka Allah Ya halicci girki, wai inda wuta take dole hayaƙi ya kasance. Amma hayaƙi ba ɗan'uwan toka ba ne. Toka ta gama aikinta. Hayaƙi kuwa itace ne da aka biya kuɗinsa, ko aka yi tafiyar rabin yini aka saro shi, ya tashi sama bai ci ba.

Dalilin haka yana cikin yadda itace ke cin wuta. In zafi ya taɓa shi, da farko ruwan jikinsa ne ke fita, shi ne kumfar nan da ake gani tana tsartuwa a bakin ɗanyen itace. Daga nan sai jikin itacen ya fara narkewa yana sakin wata iska mai maiƙo, kuma wannan iskar ce ke kamawa ta zama harshen wuta. Fiye da rabin ƙarfin da ke cikin itace a cikin iskar nan yake. Sai dai ba ta kamawa sai ta sami zafi mai tsanani, kusan digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, da isasshiyar iskar shaƙa. A murhun duwatsu uku sanyi yana shigowa ta ko'ina, gindin tukunya kuma yana kashe harshen wutar da zarar ya taɓa shi, don haka wani kaso mai yawa na iskar yana kuɓucewa. Shi ne ke baƙanta tukunya, shi ne kunkunniyar da ke reto a rufin madafa, shi ne ke shiga ƙirji. Gwaje-gwajen da aka sha yi sun nuna cewa a irin wannan murhu, cikin kashi 100 na zafin itacen kashi 10 zuwa 15 ne kawai ke shiga abinci. Da ɗan kasuwa ne ke sayen buhu goma yana isa gida da ɗaya da rabi, da tuni ya kai ƙara wurin hakimi.

Cikin mutanen da suka matsa wa hayaƙi lamba akwai Amurkawa, kuma ba don tausayin itace suka fara ba. Lokacin da man fetur ya yi tashin gwauron zabi a 1973, gidaje da yawa a jihohinsu masu ƙanƙara suka koma ɗumama ɗaki da murhun ƙarfe mai ƙofa. Ana cika shi da itace da dare, a rage masa iska don ya kwana yana ci, shi kuwa sai ya kwana yana turnuƙa hayaƙi. Garuruwan da ke cikin kwari, irin su Missoula a jihar Montana, suka wayi gari ba a ganin gaba. A 1988 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta kafa doka kan yawan ƙurar hayaƙin da sabon murhu zai fitar, aka yi ta tsaurara ta, har a Mayun 2020 aka tsayar da ita kan giram 2 a awa, alhali tsofaffin murhuna suna fitar da giram 15 zuwa 30. Ɗaya daga cikin dabarun da suka kai su can ita ce wani faifai mai huji-huji kamar saƙar zuma, na ƙasar tangaran, wanda aka shafe da ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam. Kamfanin Corning ne ya fara fito da shi. Makanikan ƙasar nan sun san ɗan'uwansa sarai: shi ne abin nan da ke cikin salansar mota da suke kira indomi, wanda ɓarayi ke farautarsa. Aikinsa shi ne ya sa hayaƙi ya kama da wuta a zafin da bai wuce digiri 260 ba. Ana ɗora shi a kan hanyar fitar hayaƙi, hayaƙin ya bi ta cikin hudojin ya ƙone, faifan ya yi ja kamar garwashi, zafin ya dawo ɗaki. Murhu ke nan mai cin hayaƙinsa. Da cikawa ɗaya yakan kwana ya wuni yana ɗumi, kuma kashi 70 zuwa 80 na ƙarfin itacen yana zama a gida.

Mai karatu zai ce to me ake jira, a shigo mana da shi. A'a. Murhun nan ba na Gagarawa ba ne, kuma duk wanda ya zo tallarsa a ƙauye ya kamata a tambaye shi me yake nema. Kuɗinsa da na kafa shi dubban daloli ne. An ƙera shi don ƙasar da sanyi ke yin wata shida yana kisa, mu kuwa namu wata biyu ne zuwa uku, da dare da asuba, hantsi na yi an tuɓe rigar sanyi. Ba a tuƙa tuwo a kansa. Ga shi da tsirfa kamar amaryar fari: sai busasshen itace, sai an bar wuta ta kama sosai kafin a juya hayaƙi ta cikin faifan, kuma leda ko roba ko katako mai fenti suna lalata shi. Duk wanda ya san yadda ake tayar da wuta da guntun leda a gidajenmu ya san ba zai ga hunturu na biyu ba. Ko an kula da shi, faifan yana gajiya bayan wasu shekaru a sake sabo. A Amurka ma murhunan farko sun yi baƙin jini, domin masu su ba su sauya faifan ba, suka koma hayaƙi kamar na da. Wannan ɓangaren labarin shi ya fi amfani gare mu. Murhu mafi wayo a duniya, a ƙasa mai arziki, ya koma murhun banza da aka rasa busasshen itace da mai kula da shi. Ƙarfen ba shi ne abin ɗauka ba. Abin ɗauka shi ne sanin cewa ana iya ƙone hayaƙi, da kuma sanin cewa ingancin murhu yana hannun mai hura shi da mai gyara shi.

Ƙasar Gumel tana cikin wuraren da ba su da rarar itacen da za su yi wasa da shi. Ƙasa ce mai rairayi, damina gajera, ga iyakar Nijar a Maigatari. Tun zamanin tsohuwar jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991, ake dasa layukan dalbejiya da turare don tare iska. Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar ganuwar itatuwa a 2007, Jigawa na cikin jihohi 11 na Nijeriya da ya ratsa, sannan a Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa. Duk wannan dashe ne, kuma dashe sai ya yi shekaru kafin ya ba da inuwa, murhu kuwa sau biyu ko uku yake ci a yini, ba ya azumi. Gaskiya ita ce ba madafa kaɗai ke cinye daji ba. Faɗaɗa gonaki ya fi ta ɓarna a wurare da dama. Amma an ƙara wa madafar nauyi. An janye tallafin kananzir a 2016, risho ya koma ƙarƙashin gado. An janye na fetur a 29 ga Mayun 2023, komai ya tashi, har ma'aikatan birni da suka saba da gas suka koma kurfoti. Kowane kilo na gawayi kuwa, in a rami aka toya shi irin na gargajiya, ya ci kilo 5 zuwa 10 na itace. Ƙirya da marke sun yi nisa. Abin da ya rage wa talakan ƙauye shi ne sabara da kargo, sai karan gero da dawa, sai kandilo. Kuma duk karan da aka ƙona, duk kashin shanun da aka tsinto, abincin gona ne aka ɗauke mata, sai baɗi a ce ƙasa ta gaji.

Na jiki kuma ya fi na daji kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum biliyan 2 ne ke girki da makamashi mai hayaƙi, kuma kimanin miliyan 3 ke mutuwa duk shekara ta dalilinsa, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Yara ƙanana ciwon haƙarƙari ke ɗaukar su, wanda mu kan ɗora wa sanyi laifinsa. Goyon da ke bayan mai girki numfashinsa ya fi nata sauri, hayaƙin da take sha yana sha. Kaskon dare kuma nasa haɗarin daban ne, domin ba ya gargaɗi. Garwashi da ya daina hayaƙi yana ci gaba da fitar da wata iskar guba marar launi marar wari, kabon monoksaid, wadda ke maye gurbin iskar numfashi a cikin jini. An rufe ƙofa, an toshe taga da tsumma saboda ɗari, mutum ya kwanta yana jin daɗin ɗumi. Mai rabo ya tashi da ciwon kai da jiri ya ce mayu ne ko iskokai. Wani ba ya tashi. Ban da bargon da ke faɗawa cikin kasko, da yaro mai rarrafe.

Ba sai an je Montana neman magani ba. A tsallaken iyaka, tun shekarun 1980 maƙeran Nijar ke ƙera murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, ga kuma na laka da ake kira Albarka. A Kaduna ƙungiyar DARE tare da ƙungiyar atmosfair ta Jamus sun daɗe suna haɗa murhun Save80, wanda sunansa ke iƙirarin rage kashi 80 na itace. Akwai kuma wanda wani Ba'amurke, Larry Winiarski, ya tsara a shekarun 1980, mai ɗan gajeren bututu a ciki kamar gwiwar hannu, inda hayaƙi ke gamuwa da harshen wuta kafin ya iso tukunya. Siffarsu ta bambanta amma hikimarsu guda ce. A kewaye wutar don iska kada ta kwashe ta. A ɗaga itacen a kan raga ko ɗan dandamali don iska ta shiga ta ƙasa. A nutsar da tukunya cikin murhu, a bar mata rata kamar kaurin yatsa, don zafi ya bi jikinta yana hawa maimakon ya watse. Abin da murhun ɗumin Amurka ya cimma da filatinam, waɗannan suna kusantarsa da siffa kawai. Game da alƙaluma, gara a riƙi na madafa a kan na ɗakin gwaji. A ƙauyukan Senegal an raba wani murhu mai suna Jambaar ta hanyar ƙuri'a, aka auna itacen da gidajen ke ƙonawa, aka tarar ragin ya kai kusan kashi 30. Bai kai na talla ba, amma a ce gidan da ke cin dami uku ya koma cin biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yarinyar da ke ɗauko damin a ka.

Akwai masu cewa sun ji wannan waƙar tun ba yau ba, kuma suna da hujja. A Nuwambar 2014 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da naira biliyan 9.2 don sayen murhu 750,000 a raba wa matan karkara. Maganar ta ƙare a rigimar kwangila, matan ba su ga abin kirki ba. Ko inda aka raba da gaskiya ma ba kullum ake dacewa ba. A jihar Odisha ta Indiya, masana uku, Rema Hanna da Esther Duflo da Michael Greenstone, sun bi gidajen da aka gina wa ingantaccen murhu har shekara huɗu. A shekarar farko hayaƙin da mata ke shaƙa ya ragu, daga nan ragin ya ɓace, domin murhunan sun tsage, bututun sun toshe, ba a gyara ba, aka koma na da. A Malawi an gwada murhu mai fanka a ƙauyuka 150, sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ciwon huhun yara bai ragu ba. Duk wanda ke son ya yi wa mutane gaskiya dole ya ajiye waɗannan a faifai. Sai dai a duba abin da ya haɗa su. Murhun kyauta ne ko kusan kyauta, daga nesa ya zo ko baƙo ne ya tsara shi, kuma ranar da ya lalace mai shi ba ta ga dalilin ɓata lokaci ko kuɗi a kansa ba. Cutar da ta kama faifan Corning ce ta kama su. Darasin Malawi kuma shi ne rage itace daban, kare huhu daban: hayaƙi kaɗan ma yana cutarwa in yana ɗaki. A Guatemala, inda aka gwada murhu mai bututun da ke fitar da hayaƙi waje, ciwon huhu mai tsanani ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin yara.

Saboda haka alƙalin murhu a ƙasar Hausa muciya ce. Tuwon gero na gida mai mutum goma sha biyar ba shayi ba ne. Ana son wuta mai ƙarfi a tafasa ruwa, a rage ta bayan an yi talge, sannan a danne tukunya a tuƙa da ƙarfin kafaɗa. Duwatsu uku sun yi shekaru aru-aru suna cin wannan jarrabawa: ba sa gocewa, suna karɓar kowace tukunya, daga ta miya har ta biki, suna cin gungume suna cin kara, kuma in ɗaya ya fashe ana samun wani a bayan gida. Murhun da ke rawa in ana tuƙi, ko wanda sai da tukunyarsa ta musamman, ko wanda sai an faskara masa itace siriri kamar asawaki, ya ɗora wa mace sabon aiki, kuma za ta mayar da shi wurin ajiye kwanuka ba tare da ta yi gardama da kowa ba. Ba jahilci ba ne, lissafi ne. Shi ya sa hanyar da aka bi a maƙwabta ta fi kama hankali. A ƙananan hukumomi bakwai na arewacin Katsina, ciki har da Daura da Baure da Zango da Mai'aduwa, wani shiri da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi, Oxfam da ICEED suka gudanar, ya koya wa mutanen wurin ƙera murhun da kansu tare da rainon itatuwan gona. Baure kuwa da Jigawa danga ce kawai tsakani. Ƙasar Gumel ba ta rasa maƙera da magina tukwane ba. Wanda ya iya mayar da tsohuwar ganga ta zama kurfoti da tukunyar suya zai iya ƙera murhu a kan awon tukunyar mai saye, kuma in ya huje ta san rumfarsa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko ƙarfi, kuma masu tallar murhu ba sa son jin sa. Zafin da murhun duwatsu uku ke zubarwa ta gefe, wanda muka kira asara, a watan Janairu shi ne ɗumin yara. Ingantaccen murhu yana tura zafi cikin tukunya, ya bar masu kewaye da shi suna karkarwa, ga shi ba ya barin garwashin da za a kai ɗaki. In aka yi wasa, gidan da ya rage itacen girki zai hura wuta ta biyu don jin ɗumi, an gudu ba a tsira ba. Amsar wannan tana cikin ginin kakanninmu. Gadon ƙasa mai ramin wuta a ƙarƙashi ba baƙo ba ne a ɗakunan tsofaffi da masu jego. Laka tana shan zafi a hankali ta kuma sake shi a hankali, ɗan kirare kaɗan da yamma sai gado ya kwana da ɗumi. Aibinsa ɗaya, hayaƙin a cikin ɗaki yake ƙarewa. Mutanen arewacin Sin, waɗanda sanyinsu ya ninka namu, sun warware wannan tun da daɗewa da gadon bulo da suke kira kang: bakin wutar yana wajen ɗakin kwana, sau da yawa murhun girkin ne ma, hayaƙi ya bi ta hanyoyi a ƙarƙashin gadon ya fice ta bututu. Wuta ɗaya ta dafa abinci ta ɗumama makwanci. Babu wani abu a nan da ya fi ƙarfin maginin Gagarawa, in an nuna masa sau ɗaya. Abin kiyayewa shi ne tsaga, don ta nan guba ke sulalowa, sai a riƙa yaɓe kafin kowane hunturu. Da kuma bututun ƙarfe kusa da jinka ko zana, wanda gobara ce a tsaye in ba a naɗe shi da laka ba.

Tunda an ambaci jego, can ne itace ke ƙarewa da gaske. Kwana arba'in ana tafasa babbar tukunyar wanka safe da yamma, kuma kowane magidanci ya san tanadin itacen jego yana cikin nauyin haihuwa. Da za a fara gyara daga murhun tukunyar wanka kaɗai, a gina shi da laka ya rungume ta, ragin zai fito fili cikin mako guda. Sai dai kada a fahimci maganar gadon ɗumi a matsayin kira ga gasa mai jego. Likitocin Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan zafin nan, haɗe da kunun kanwa, yana da hannu a ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ɗumi ake nema, ba gashi ba.

Wasu kuma za su ce duk wannan faci ne, a tafi ga gas kai tsaye, tunda Nijeriya na da shi jibge, kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta. Ta fuskar lafiya sun yi gaskiya, babu murhun itacen da ya kama ƙafar gas, kuma duk gidan da ke da hali ya saya. Amma gas tsabar kuɗi yake so a dunƙule, ga tukunya ga kanta, ga kuɗin mota zuwa inda ake cikawa, a wurin manomin da kuɗi ke shigo masa sau ɗaya a shekara bayan ya sayar da riɗi ko zoɓo. Ko a Gumel da Dutse, gidan da ke da gas da shi ake shayi da ɗumame, wake da tuwo da ruwan wanka suna kan itace. Kuma ba a jin ɗumi da gas. Cewa mace ta ci gaba da shaƙar hayaƙi har ranar da gas zai iso ƙauyensu daidai yake da hana mai ƙishirwa ruwan rijiya don an yi alkawarin famfo. Masu cewa hayaƙi na korar sauro da gara daga jinka ma ba ƙarya suka yi ba, amma gidan sauro mai magani ya fi shi iya aikin, kuma ba ya sa tari.

Akwai gyaran da ba ya cin ko kwabo, kuma shi ne Amurkawa suka ɗauka kamar farilla: busar da itace. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma kafin ya ba da zafi sai ya ɓata nasa ƙarfin wajen ƙafar da wannan ruwa. Su can suna faskarawa su jera a rumfa shekara guda, har danshin ya sauka ƙasa da kashi 20. Mu da Allah Ya ba ranar bazara, makonni kaɗan sun isa, in an faskara an ɗaga shi daga ƙasa an kuma rufe kafin damina. Abin da ke hana mu shi ne sayen na yau da na yau, da saran reshe da safe a hura shi da yamma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tanadin kuma yana yiwuwa ne in itacen na gonarka ne, a nan ne labarin Maraɗi ya shigo. Tun wajen 1983 manoman can, tare da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, suka koma barin tohon kututture a gona maimakon sassabe shi, su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi su rage sauran. Suna kiransa sassaben zamani. An ƙiyasta ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200. Rassan da ake ragewa duk shekara su ne itacen girki. Ba za su ishi murhun duwatsu uku ba, amma za su iya isar wanda ke cin biyu bisa uku na abin da wancan ke ci.

Yanzu kuɗin rage hayaƙin duniya sun sa kamfanoni na yawo a ƙauyuka da murhun kyauta ko na rabin kuɗi, suna rubuta suna da lambar waya. Ba laifi a karɓa, amma a sani ribarsu tana kan takarda ne: wani bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da ya fito a Janairun 2024 ya gano ana kumbura alƙaluman irin waɗannan shirye-shirye kusan ninki tara. In gwamnatin Jigawa ko ƙananan hukumomi huɗu na ƙasar Gumel na da kuɗin kashewa a wannan fanni, na ga ya fi dacewa su tafi ga horar da maƙera da magina, da sanya matan gari su gwada samfuri biyu ko uku da tukwanensu kafin a yanke wanda za a yawaita, a bar saye ga adashi. Ita kuwa mai saye, ta tafi kasuwa da tukunyarta ta tuwo. Ta zaunar da ita a murhun, ta zura yatsa ta ji ratar, ta kama baki ta girgiza kamar tana tuƙi. Ta duba ko bakin wutar zai karɓi kara. Sannan ta tambayi maƙerin kaurin ƙarfen da ya yi gindin da shi, da nawa zai karɓa ya sake shi in ya cinye.